Tambaya Ta Bakwai

Zuwa ga Yayana, ɗan farin Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Kaduna. Idan ka tambayi tamu lafiyar, ko da yake ka kwana biyu ba ka tambaya ba, muna nan Birnin Gwari muna gode wa Allah. Ni ce Asabe, autar gidanku. Na faɗi sunana da wuri ne don kada ka wahalar da kanka wajen tunani.

Ka gafarce ni da na rubuto maka a nan, inda kowa zai leƙo ya karanta. Na gwada kira, waya ta yi ta ƙara har ta gaji. Na gwada saƙo, sai bayan kwana huɗu amsa ta zo, ita ma "Allah Ya ƙara sauƙi" ce tsurarta, kamar wanda aka ba labarin uwar wani. Amma na lura duk wanda ya taɓa aikinka a bainar jama'a, kafin ya ajiye wayarsa ka mayar masa da martani. To, yau aikinka zan taɓa.

Ranar Laraba da hantsi na ji ka a rediyo. Wallahi ka iya magana, wannan ba a ƙwace maka ba. Ka yi wa jama'a bayanin cutar mantuwa, wadda mu nan muke ce wa gigin tsufa. Ka ce ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar kowane ciwo. Ka ce ana iya rage ta a ƙasa idan aka tashi tsaye gaba ɗaya: a riƙa auna hawan jini tun mutum na da ƙarfinsa, a rage gishiri da dunƙule a koma wa daddawa, tsofaffi su riƙa taka ƙasa, kada a bar su su kaɗai a ɗaki. Sau uku na ƙirga ka ce, "Mu ba mutum ɗaya muke kallo ba, al'umma baki ɗaya muke kallo." Lokacin ina durƙushe gaban mutum ɗayan da ba ka kallo, Innarmu, ina goge mata koko a haɓa. Rediyon na kusa da kunnenta, ba ta ko waiwaya ba.

Ban ce ƙarya ka yi ba, Yaya. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin awo a ƙananan asibitoci, daga ƙauyenmu Damari har nan, na san abin da hawan jini ke yi wa kan tsoho. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda kake jero maganganun nan kamar ba ka san wa ake gaya wa ba.

Kai da daddawar Inna ta kai ka makaranta, ka manta inda ɗorawa take? Tana daji, dajin da aka yi shekaru mace ba ta shigarsa da kwando sai in ta yi sallama da gida. Matan da ka ce su bar dunƙule ba don gayu suka kama shi ba. Taka ƙasa kuwa, Inna ta taka. Ranar da muka baro Damari da ƙafa ta tako, ƙullin kaya a ka, buta a hannu, ta ƙi hawa babur saboda akwai mai ciki a cikinmu. Ƙawayenta da suka yi shekara arba'in suna surfen kalwa tare, ɗaya tana Zariya wajen jikoki, biyu sun riga mu gidan gaskiya, saura ko labarinsu babu. A can ta san kowace bishiya da wanda ya dasa ta. A nan ɗaki ɗaya ne da katanga, sai ƙarar injin niƙan maƙwabta.

Ka tuna watannin da hanya ta toshe aka kuma katse layukan waya? Maganin hawan jininta ya ƙare ƙaf, a asibitinmu ma ko ƙwaya babu. Na riƙa auna ta ina kallon lamba tana hawa, ba ni da abin ba ta sai zoɓo marar sukari da addu'a. Idan rigakafin al'umma baki ɗaya kake nema, ka fara da hanyar da magani zai bi, da gonar da tsoho zai zauna kusa da ita. Wannan ban ji ka faɗa a rediyo ba.

Amma duk ba wannan ya zaunar da ni rubutu ba. Tambaya ta bakwai ce.

Ka san ta, amma bari in tuna maka, tunda masu leƙen takardar nan ba su sani ba. Shekara biyu da suka wuce farar motar ofishinku ta zo garin nan da na'urorin awon jini da kwalayen takardu. Aka tara mu ma'aikatan lafiya aka koya mana bin gida-gida, mu yi wa duk wanda ya haura sittin tambayoyi goma, don a gano waɗanda mantuwa ta fara kamawa tun da wuri. Amsar da ta yi daidai maki ɗaya. A ƙasan takardar ga sa hannunka, da wannan jelar da kake ja a ƙarshe. Na yi alfahari ranar, har na nuna wa abokan aiki. Na kuma leƙa motar, ko kana ciki.

Wasu tambayoyin dariya suka ba mu. A tambayi tsohuwa wane wata ake ciki ta ce watan azumin tsofaffi, takarda kuma sunan watan Bature take so. A tambayi wadda ta gudo wane gari take, tana zaune tsakiyar Birnin Gwari ta dube ka ido cikin ido ta ce Tabanni, ka rasa mantuwa ce ko ƙin yarda. Waɗannan duk mun lallaɓa. Sai ta bakwai: "Mene ne sunan ɗanki na fari?"

A ƙasar nan, Yaya? Kuma kai?

Da baƙo ne ya rubuta sai in yi masa uzuri. Kai ka tashi a gidan da uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta ko yi masa dariya in da ido a wurin. Ana yaye ka aka miƙa wa Kaka, a ɗakinta ka girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira ka ba. "Ku kai wa wancan tuwonsa." Idan ka dawo hutu daga Zariya sai ta ce, "Mutumin naku ya iso ne?" tana kallon tukunya. Mai kantin bakin kasuwa da kuke suna ɗaya, shekara talatin tana sayen gishiri wurinsa, "mai sunan yayanku" take ce masa.

Don haka da na zo kan Inna da takardarka, na san abin da zai faru. Lokacin garau take, sai ɗan manta inda ta ajiye carbi, irin na kowa. Ta riƙa ba ni amsa tana yi mini tsiya. Da na karanto ta bakwai, sai ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi mini irin kallon da take yi mini ina ƙarama in na yi rashin ta-ido gaban baƙi. Ta ce, "Asabe, aikin naku har da rashin kunya ake koya muku?" Na ja mata sifiri, domin haka aka ce mu yi.

Goggo Dija, Bafulatanar da ke kawo mana nono tun muna Damari, ita kam tashi ta yi ta ɗauki ƙwaryarta. "Ni, da bakina? Aradu sai dai ki rubuta na mutu." Matar da ke riƙe da sunan kowace saniya a garken mijinta har da uwayensu, a takardarka ta faɗi jarrabawa. Haka na yi ta bin gidaje ina ja wa masu hankali sifiri. Na rubuta ƙorafi na haɗa da takardun, na kuma gaya maka a waya. Ka ce, "Asabe, an riga an buga, ba a canza tambaya a tsakiyar aiki." Ka ce a gaida mutanen gida.

Da daminar bara abin ya fara da gaske. Wata maƙwabciya ta samo kalwa mudu biyu ta kawo wa Inna, don duk unguwar an ji labarin hannunta a daddawa. Inna ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ta dafa, ta surfe, ta wanke, sai ta tsaya da ƙwarya a hannu tana dubana. Ta ce, "Daga nan sai me?" Aikin da take yi tun kafin a haife ka. Na yi dariya na ɗauka wasa ne, ita ma ta yi.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa. Ta sa takalmi a randa. Ta yi Azahar sau uku ta ce ba ta yi ba. Ta zargi maigidana da sace mata akuyar da aka kora tun a Damari. Duk na gaya maka. Ka aiko da kwalin magani ta hannun direba, har da takarda mai bayanin yadda ake kula da mai mantuwa, da Turanci. Na gode, na karanta.

Sai wata Talata bayan La'asar. Muna tsakar gida, ni da Goggo Dija da matan maƙwabta biyu, muna gyaran zogale. Inna ta miƙe ta je bakin zaure, ta dafa bango, ta ɗaga murya yadda ake kiran yara su dawo daga wasa.

"Ibrahimu!"

Ban taɓa sanin yadda sunanka zai fito daga bakinta ba, ashe irin kiran ƙauye take riƙe da shi, tana jan ƙarshensa. Ta sake kira. Ɗaya daga cikin matan ta sunkuyar da kai kamar ta ga tsiraici. Goggo Dija ta ajiye zogalen, hawaye na bin fuskarta, ta ce, "Innalillahi. Asabe, sai haƙuri, Innarku ta tafi." Babu na'ura a wurin, babu wadda ta taɓa shiga aji sai ni. Amma a take matan nan suka gane abin da tambayoyinka goma ba su gane ba.

Bana motarku ta dawo zagaye na biyu, da takardar nan dai, ko wasali ba a canza ba. Na zauna gaban Inna. Ba ta san wata ba, ba ta san gari ba, biron hannuna ta karɓa ta kai baki. Na zo ta bakwai. Ta washe baki ta faɗe shi tas, har sau biyu. Na ba ta maki ɗaya. Ka ji, Yaya? A tambaya ta bakwai Inna ta samu sauƙi. Idan takardun Birnin Gwari suka iso teburinka ka ga an ci gaba a wannan layin, kada ka yi saurin kai albishir rediyo. Iyayenmu ne ciwo ya kai su inda kunya ba ta riƙe su.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi ka sa hannu a kan tambayar nan. Da farko na ce zaman birni da taron otal ne suka wanke maka kai. Daga baya na tuna ranar addu'ar ukun Baba, zuwanka na ƙarshe, shekara shida ke nan. Kana ɗaure jaka a zaure na ce ka ƙara ko kwana ɗaya saboda Inna. Ba ka ɗago ba ka ce, "Ni dama ba a taɓa kirana a gidan nan ba." Na ɗauka zafin rashi ne. Yanzu ina zargin ka ga tambayar, ka gane ta sarai, ka bar ta, don a bi gida-gida a tilasta wa iyayen mutane su faɗi abin da taka uwar ba ta faɗa maka ba. Idan na zalunce ka, Allah Ya yafe mini. Idan kuwa haka ne, to ka ji kunya, da girmanka da furfurarka da digirinka.

Kada kuma ka kawo mini zancen hanya. Da can na yarda, ni da kaina na ce kada ka zo, irinku ake nema. Yanzu hanya ta lafa, motoci na zuwa kullum, kasuwar shanu ta dawo ci. Ma'aikatanka mata ma sun zo sun kwana biyu sun koma lafiya, kuma ransu bai fi naka araha ba.

Tunda na fara tonawa, bari in gaya maka abin da ya fi ci mini rai. Duk duniya sunana Inna ta fi kira. Asabe ɗebo ruwa, Asabe ina kika shige, Asabe don gidanku. Har maƙwabta sun haddace. Yau wata biyar ke nan ba ta san shi ba. Ni ke yi mata wanka, ni ke wanke zanen da ta ɓata, ni ke bin ta da cokali. "Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya, 'yar gidan wa ce ke?" Haka take ce mini. Sunan da ta yi ta kira ya ƙare kamar sabulu, naka da ta ɓoye shi ya rage sabo fil. Ina jin haushinka a kan wannan, haushi na gaske, ko da na san ba kai ka tsara ba. Akwai ranar da ta kira ka na shige banɗaki na yi kuka, kuma ba tausayinta ne ya sa ni ba, kishi ne.

Yanzu kullum bayan La'asar sai ta ɗauki mayafi ta nufi tasha, wai za ta tarye ka. Da farko na riƙa kulle ƙofa, sai ta yi ta dukan ƙyaure har hannunta ya fashe. Ranar da na yi sakaci kuma, aka tsinto ta ta wuce tashar ta miƙi hanyar daji, takalmi ɗaya a ƙafa. Wani dattijo ɗan Tabanni ya yi irin wannan fitar da rani, har yau ko hularsa ba a gani ba. Tun daga nan nake raka ta, in ina wurin aiki Goggo Dija ta raka ta. Matan layinmu kuma sun haɗa baki ba tare da wani taro ba. Duk wadda ta ga tsoho ya fito shi kaɗai yana dube-dube, sai ta tare shi da gaisuwa, ta zaunar da shi, ta aika gidansu. Ga al'ummar da kake nema, Yaya, tana aikinta ba farar mota. Da za ka zauna da matan nan yini ɗaya da sun gyara maka takardarka. Cewa za su yi ka juya ta bakwai: wadda ta rufe baki lafiyarta ƙalau, wadda ta faɗa a fara sa mata ido.

A tashar akwai wani mai faci, magidanci ne mai iyali, rumfarsa na kusa da inda motocin Kaduna ke sauke fasinja. Nan Inna ke tsayawa, duk namijin da ya sauko ta kira sunanka. Wasu su yi dariya, wasu su kauce. Ran nan ta kira, sai mai facin ya ɗago daga kan taya ya ce, "Na'am, Inna." Ashe shi ma sunansa ke nan, ya ɗauka shi ake nema.

Da ka ga fuskarta. Ta nufe shi da saurin da na manta tana da shi. Mutumin ya dube ni, na yi masa alama da ido, Allah Ya sa ya gane, ya goge hannu a riga ya durƙusa. Ta dafa kansa da hannu biyu. Ta ce ya rame, ta tambaye shi ko ana ba shi abinci a makarantar. Sannan ta fara sa masa albarka, ko kalma ɗaya ba ta ɓace mata ba. "Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya sa ka fi ubanka. Allah Ya ba ka masu yi maka abin da ka yi mini." Albarkar shekara hamsin da biyu da ta tara ba ta da bakin ba ka, ta juye ta kaf a kan mai gyaran taya. Da ta kai kan "masu yi maka abin da ka yi mini" na ce amin da ƙarfi, kuma ba shi nake nufi ba. Na nemi gafarar Allah daga baya.

Tun daga ranar shi ke amsawa. Yana ajiye mata benci a inuwa, matarsa ma ta aiko mata da ɗanwake ranar Juma'a. Ban gyara wa Inna ba, ba kuma zan gyara ba. Duk ranar da aka amsa mata, tana dawowa take cin tuwonta ba sai an bi ta ba.

Bari in sauke murya haka nan, na gaji da faɗa, kuma akwai abin da na riƙe maka tun ina 'yar shekara bakwai. Ka ce ba a taɓa kiranka a gidanmu ba. An kira ka, Yaya, kai ne ba ka kusa. Ni ce mai manne wa Inna in tana sallah, ina kwaikwayonta a gefen tabarma. Karatunta raɗa-raɗa take yi, ina jinsa duka, har ta zauna tahiya. Idan ta zo salatin da ake ambaton Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, sai muryar ta nutse, leɓe kawai ke motsi, kuma takan ɗan daɗe a wurin. Da na girma na taɓa yi mata tsiya a kai, ta jefe ni da mafici ta ce, "Annabin Allah nake ambata, 'yar nema." Amma ta kasa haɗa ido da ni har Magariba. Sau biyar a yini, nan ne kaɗai sunan ke da izinin bi ta bakinta, kuma ban taɓa jin ta wuce shi da gaggawa ba.

Daddawar da Kaka ke miƙa maka in za ka koma makaranta, ta ce ita ta yi maka, ka tuna? Kaka ba ta iya daddawa ba, kowa ya sani sai kai. Inna ke zaɓen ta tsakiyar kwando ta ƙulle, ta ajiye a ƙofar ɗakin Kaka. In ka fita, sai ta fake da ɗiban ruwa ta tafi rijiyar da ake hango hanya daga bakinta, ko da randunan gida cike suke.

Ban ce al'adar ta yi maka adalci ba. Ƙaramin yaro bai san kunya ba, kira yake so ya ji. Ni tawa 'yar farin da sunanta nake kiranta, Inna ta yi ta hararata a kai, kuma saboda kai na yi haka. Amma ita abin da ta tarar ke nan ta ɗauka, kuma ina jin ya fi yi mata ciwo a kan yadda ya yi maka.

Abin da ya sa ban jira ka buɗe saƙo ba, sunan ya fara gutsurewa. Watan jiya cikakke ne. Makon nan "Rahimu" take cewa, jiya kuwa ta buɗe baki a tasha ta tsaya tana lalube, sai da mai facin ya taya ta da farkonsa. Ka fi ni sanin abin da ke biyo baya, kai ke koyar da shi. Ban ce ka zo ta gane ka ba, fuska ta riga ta wuce mata, kada ka sa rai. Ba magani nake nema ba, kwalin da ka aiko bai ƙare ba. Ka sauko daga motar Kaduna kamar kowa, ta kira, ka amsa. Iyakar aikin ke nan.

Da za mu taso jiyan, mai facin ya ja ni gefe. Ya ce abin yana yi masa nauyi, kullum ya koma gida sai ya ji kamar ya ɗauko kayan wani. Ya ce, "Malama, ranar da mai sunan zai zo, ki gaya mini tun da safe, in ta kira in yi shiru."

Na ce masa to. Sai ka gaya mini ranar.

Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya sa ciwon nan ya zame mata kankarar zunubi, Ya bar mata kalmar shahada ko da sauran kalmomi duk sun tafi. Allah Ya ji ƙan Baba da Kaka. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, tsofaffinmu su koma su tsufa inda suka san bishiyoyi. Allah Ya saka wa Goggo Dija da matan layinmu da mai faci da alheri. Kai kuma, Yayana, Allah Ya yi wa aikinka albarka, ina so ya yi nasara ko ba ka yarda ba, don ni ma a garin nan zan tsufa. Allah Ya huce zuciyarka da tawa, Ya kawo ka tun ana kira. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Asabe,
wadda a gida yanzu ake ce wa Baiwar Allah.